Digirin Digirgir a Lissafi: Gwanintar Raba Tsaba da Ƙaiƙayi

Duk gidan da Allah ya ba ɗa mai karatun lissafi, an san aikinsa ranar biki. Shi ake miƙa wa littafin gudummawa, shi ke tara kuɗin liƙi, in kuma gardama ta tashi kan cefane sai a ce a kira wane, ai shi ne ɗan lissafi. Ranar da aka ji ya sake komawa jami'a neman digirin digirgir a kan lissafin dai, sai abin ya ɗaure wa dangi kai. Gwaggo ta dube shi cikin tausayi ta ce, "Wai ɗan nan, har yanzu ba ka gama ƙirgar ba?" Shi kuwa ya yi murmushi ya ce, "Da saura, Gwaggo." Tambayar tata ta cancanci amsar da ta fi wannan, domin abin da yake koyo a can sana'a ce mai wuyar gaske, kuma amfaninta yana iso mu har cikin ɗaki ba tare da mun san daga inda ya taso ba.

Masana sun raba lissafi gida biyu. Akwai tsantsar lissafi, inda ake bin lambobi da siffofi don kansu, ko za su yi rana gobe ko ba za su yi ba. Akwai kuma lissafin aikace, wanda ke tashi daga wata matsala ta duniya, kamar yaɗuwar cuta ko ambaliyar kogi ko motsin iska, ya mai da ita alƙaluma, ya warware, sannan ya dawo wa masu matsalar da amsa. Wannan gida na biyu ba baƙo ba ne a wurinmu. Malamin da ake kira rabon gado, ya zauna ya fitar da sumunin matar mamaci da sudusin uwa, ya nemo asalin mas'ala, in kason magada ya zarce dukiya ya yi auli, aikin da yake yi ke nan. Ko kalmar aljabara ma daga sunan littafin Muhammadu bin Musa Alkhawarizmi aka samo ta, wanda ya rubuta a Bagadaza wajen shekarar 820, kuma babban kaso na littafin a kan wasiyya da gado yake.

Sai dai malamin gado ya tarar da ƙa'ida a shimfiɗe, an riga an faɗa masa masu ci da marasa ci. Mai neman digirin digirgir kuwa matsalar da ba a taɓa shimfiɗa wa ƙa'ida ba ake miƙa masa, a ce shi ya shimfiɗa. Nakan kwatanta shi da mace mai shiƙa. Hatsin da aka sussuka a cakuɗe yake zuwa, ga tsaba ga ƙaiƙayi ga tsakuwa. Ita ta san tsawon da za ta ɗaga ƙwarya, ta san irin iskar da za ta jira: in ta yi kaɗan ƙaiƙayi ya koma cikin hatsi, in ta yi yawa tsaba ta bi iska. Haka matsala ke zuwa wa masanin lissafi, da dalilai ɗari a tattare da ita. Ba allon da zai ɗauki ɗarin. Dole ya zaɓi uku ko huɗu waɗanda ke riƙe da al'amarin, ya bar saura su tafi. Abin da ya rage a ƙwaryar shi ake kira samfurin lissafi, kuma duk shekarun da ɗalibi ke shafewa a jami'a wannan shiƙar yake koyo.

Gani ya kori ji. Mu ɗauki wani gari mai mutum 10,000, don misali kawai, annoba ta shige shi. Kowa a garin da halinsa, wani ɗan kasuwa ne mai wuni cikin jama'a, wata tsohuwa ce ko zaure ba ta leƙawa. A shekarar 1927 wasu masana biyu a birnin Edinbara, William Kermack da Anderson McKendrick, suka yi ƙarfin halin zubar da duk wannan. Suka ce a kasa mutanen gari kashi uku kurum: waɗanda cutar ba ta kama ba tukuna, waɗanda ke ɗauke da ita, da waɗanda suka fita daga sahu ta warkewa ko ta rasuwa. Abin da ya rage shi ne sanin saurin da mutane ke ƙaura daga wannan kashi zuwa wancan. Abin al'ajabi, Kermack yana makaho ya yi wannan aiki, domin tun 1924 wani sinadari ya fashe a ɗakin gwaji ya ɗauke masa gani.

Mu ce majiyyaci yana kwana shida da cutar, kuma inda duk wanda ya haɗu da shi mai iya kamuwa ne, zai shafa wa mutum ɗaya kowane kwana biyu, wato mutum uku kafin ya tashi. Yau waɗanda ba su kamu ba 9,000 ne, majiyyata 600, waɗanda suka fita 400. Majiyyata 600 da sun shafa wa mutum 300 a yini, amma tunda tara cikin goma ne suka rage masu iya kamuwa, sababbin kamu 270 ne. Masu fita kuwa ɗaya cikin shida na majiyyata, 100 ke nan. To gobe za a wayi gari da 8,730 da 770 da 500. Sai a ɗauki waɗannan a fitar da na jibi, a fitar da na gata, haka har ƙarshe. Ɗan firamare ma zai iya wannan ninkawa da ɗebewa, amma duba abin da ke fitowa. Cutar za ta yi ta hauhawa har ranar da masu iya kamuwa suka ragu zuwa kashi ɗaya cikin uku na gari, wajen mutum 3,333. Daga ranar majiyyaci ba ya ko cika mutum ɗaya da zai shafa wa, sai annoba ta fara ja da baya. Za ta mutu ba tare da ta gama da kowa ba, amma kafin ta mutu sai ta taɓa kimanin mutum 9,400. Da kuwa tun farko an yi wa kashi biyu cikin uku riga-kafi mai aiki, wajen mutum 6,700, da ko tashi ba ta yi ba.

Wannan lambar, wato yawan mutanen da majiyyaci ɗaya ke shafa wa a garin da kowa ke iya kamuwa, ita ce uwa a lissafin annoba. In ta gaza ɗaya cuta ta mace, in ta wuce ɗaya ta bazu. Ta ƙyanda ana ƙiyasta ta tsakanin 12 da 18. In muka ɗauki 15, sai mutum 14 cikin kowane 15 sun sami garkuwa kafin ƙyanda ta rasa hanya. Shi ya sa ma'aikatan lafiya ke nacin sai riga-kafin ya kai ga kashi 95 cikin 100 na yara. Uwar da ke ganin ana yi mata sallama gida-gida kamar mai bashi, ta sani nacin nan daga kan allo ya fito.

Haka aka yi wa zazzaɓin cizon sauro. Ronald Ross, likitan sojan Ingila wanda ya gano a Indiya a 1897 cewa sauro ke ɗaukar ƙwayar cutar, daga baya ya koma ga alƙalami, a 1911 ya nuna ba sai an kashe sauro duka ba. Akwai iyakar da in yawansa ya sauko ƙasa da ita, zazzaɓin zai ƙare don kansa. A shekarun 1950 George Macdonald ya ƙara wani abu. Ƙwayar cutar tana buƙatar kwana goma zuwa mako biyu a cikin sauro kafin ta nuna har ta iya shiga mutum, sauro kuwa gajeren kwana ne. In sauro 90 cikin 100 ke ganin wayewar gari kowace rana, 28 ne za su kai kwana 12. In aka rage zuwa 80, bakwai kacal za su kai. Ashe tsohon sauro ne abin tsoro, kuma rage masa kwana kaɗan ya fi bin kududdufi ɗaya-ɗaya tasiri. Irin wannan lissafi yana cikin abin da ya ƙarfafa wa Hukumar Lafiya ta Duniya gwiwa a shirinta na kawar da cutar ta hanyar feshin bangon ɗaki, wanda ta ƙaddamar a 1955.

To amma ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido, kuma a ƙasarmu aka ga haka. Daga 1969 zuwa 1976 hukumar ta haɗa hannu da gwamnatin Najeriya aka yi wani gagarumin bincike a ƙauyukan Garki, wadda a lokacin take cikin jihar Kano, yau kuma Jigawa. Aka fesa maganin sauro a ɗakuna, a wasu ƙauyuka aka haɗa da raba wa jama'a magani, ana ɗibar jini a kai a kai, ana kama sauro ana ƙirgawa. Feshin ya karya ƙarfin sauro wajen yaɗa cuta da kusan kashi 90 cikin 100, amma masu ƙwayar cutar a jini ba su ragu ba sai da kimanin kashi 25. Inda aka haɗa da magani sun ragu sosai, da aka daina kuma cutar ta dawo. Me aka zubar wanda bai kamata a zubar ba? Cizon ya yi yawa tun asali, har ragowar kashi goman ya isa ya riƙe cutar. Wasu sauraye in sun ciji mutum a waje suke hutawa, ba su taɓa bangon da aka fesa. Manya da yawa kuma jikinsu ya saba, suna yawo da ƙwayar ba sa kwanciya. A 1974 Klaus Dietz da Louis Molineaux da Anthony Thomas suka buga sabon samfuri wanda ya kasa mutane kashi bakwai, ya shigar da garkuwar jiki cikin lissafi, aka gwada shi da abin da aka tattara a Garki. Har yau masana a duniya suna komawa ga bayanan Garki su auna sababbin samfuransu.

Darasin Garki shi ne ƙashin bayan wannan digiri. Wanda ya iya zubarwa kawai rabin gwani ne. Cikakken gwani shi ne mai komawa ya tona tarin ƙaiƙayin da ya zubar, ya duba ko tsaba ta bi iska.

Yaya ake horar da irin wannan mutum? A Ingila aikin yakan ɗauki shekara uku zuwa huɗu. A Amurka yakan kai biyar ko shida, domin shekarun farko na zaman aji ne da jarrabawar tantancewa. A jami'o'in Najeriya ɗalibi yana zuwa da digiri na biyu, ana sa ran shekara uku, ko da yake yajin aiki da ƙarancin kuɗin bincike sukan ja abin. Ko'ina ne dai, mataki na farko shi ne samun malamin da zai duba aiki, kuma wannan ya yi kama da zaɓen malamin zaure: wanda ka durƙusa a gabansa, irin tambayarsa za ka gada da irin taka-tsantsan ɗinsa. Shekarar farko kusan duk karatu ce. Ɗalibi yana bin maƙalun da aka buga a fannin ɗaya bayan ɗaya har ya kai bakin gaɓa, inda sanin mutane ya tsaya. Nan zai kafa tambayarsa, ya kai ta gaban malaman sashe, su yi mata kaca-kaca, ya koma ya gyara.

Kayan aikinsa ba su da yawa. Akwai kalkulas, ilimin auna saurin canji wanda Newton da Leibniz suka assasa a ƙarni na 17. Shi ne ke ɗaukar lissafin yau da gobe da muka yi a sama ya matse tazarar har ta zama ƙiftawar ido. Akwai aljabara da ilimin ƙididdiga. Akwai kwamfuta, inda yake rubuta umarni da MATLAB ko Python, ya kuma tsara rubutunsa da LaTeX saboda alamomin lissafi su zauna daidai. Sai allo da alli, waɗanda har yau ba a sami abin da ya maye gurbinsu ba.

Da waɗannan zai yi aiki uku. Zai gina samfuri. Zai kawo hujjar da ba ta da ƙofa cewa samfurin yana da hankali: ba zai wayi gari ya ce majiyyata sun gaza sifili ba, kuma in ya ce cuta za ta mutu, to za ta mutu ko daga ina aka fara. Sannan zai gwada shi da alƙaluman gaske na asibiti ko na gona ko na ma'aunin ruwan sama. A aiki na biyun nan ne ake zubar da gumi. Abin da kan faru shi ne, ɗalibi ya shigo ofis da murna riƙe da zanen da kwamfuta ta fitar, ya ce, "Ranka ya daɗe, ga shi ya fito." Malam ya gyara tabarau ya ce, "Na ga ya fito. Me ya sa ya fito? Je ka raba tazarar matakinka biyu ka sake, mu gani ko haka zai fito." Ɗalibi ya koma ya raba, sai ga zanen ya sauya kama. Tudun da ya yi wata uku yana yi wa fassara ashe ba halin cutar ba ne, tuntuɓen kwamfuta ne, don matakin da ya sa ta riƙa ɗauka ya yi faɗi. Ranar ba ya iya cin tuwo, amma daga ranar ba ya sake gaskata amsa don kawai na'ura ce ta faɗa.

Kuskure irin wannan ba abin kunya ba ne a sana'ar, muddin an bayyana shi. Lewis Fry Richardson, wani Baturen Ingila da ke tuƙa motar ɗaukar masu rauni a Faransa lokacin Yaƙin Duniya na Farko, ya shafe kimanin mako shida yana lissafi da hannu don ya yi hasashen yanayi na sa'a shida kacal. Amsar ta fito a karkace ƙwarai. Bai ɓoye ba, ya buga aikin a 1922 tare da kuskurensa. Daga baya aka gane hanyar tasa tana da tushe, matsalar tana cikin alƙaluman da ya fara da su. A 1950 kwamfutar ENIAC a Amurka ta yi hasashen yanayi na farko ta lissafi, kuma hasashen damina da manomi ke ji a rediyo yau jikan wancan aiki ne.

In sakamako ya tsaya da ƙafarsa, sai a rubuta maƙala a aika wa mujallar masana. Can wasu gwanaye da ɗalibi bai san ko su wane ne ba za su bi ta layi-layi, su dawo da ita da tambayoyi, wani lokaci su ƙi ta ɗungurungum. Wanzami ba ya son jarfa, amma a nan kowa sai an yi masa. Daga ƙarshe a haɗa komai cikin kundi, a gayyato mai jarrabawa daga wata jami'a, a zaunar da ɗalibi ya kare aikinsa baki da baki. Duk tambayoyin ranar suna komawa ga guda biyu: me ka ƙara wanda ba a sani ba kafin ka zo, kuma me ya sa ka zubar da abin da ka zubar? Wanda ya amsa waɗannan, ya yi gyaran da aka ba shi, shi ake kira Dakta.

Mutanenmu sun bi wannan hanya sun fita da mutunci. Chike Obi ne ɗan Najeriya na farko da ya sami digirin digirgir a lissafi, a Jami'ar Kambirij a 1950. Farfesa Iya Abubakar, ɗan Belel ta Adamawa, wanda ya yi Kwalejin Barewa da Jami'ar Ibadan, shi ma a Kambirij ya yi nasa a lissafin aikace. A farkon shekarun 1960 ya buga bincike kan yadda igiyar girgiza ke warwatsuwa in ta bugi wurin da ba shi da santsi, irin ilimin da masu nazarin girgizar ƙasa da masu neman abin da ke ƙarƙashinta ke buƙata, kafin ya zama shugaban Jami'ar Ahmadu Bello daga 1975 zuwa 1978. Farfesa Abba Gumel ya yi digirinsa na farko a Jami'ar Bayero ta Kano, ya yi digirin digirgir a Jami'ar Brunel ta Ingila a 1994, ya koyar a Kanada, sannan a Amurka. Aikinsa lissafin cututtuka ne, daga zazzaɓin cizon sauro zuwa ƙanjamau, kuma a 2020 shi da abokan aikinsa suka buga bincike kan yadda sanya takunkumi ke rage yaɗuwar korona. Ƙofofi ma sun ƙaru. Akwai Cibiyar Lissafi ta Ƙasa a Sheda kusa da Kwali a Abuja. Akwai cibiyar AIMS da aka kafa a Afirka ta Kudu a 2003, mai rassa a Senegal da Gana da Kamaru da Ruwanda, wadda ke ɗaukar nauyin ɗaliban Afirka su yi digiri na biyu, da yawansu kuma daga nan suke wucewa na uku.

Aikin da ke jiran irin waɗannan mutane a wurinmu ya fi ƙarfin waɗanda muke da su. Sanƙarau yana dawowa da zafin bazara. Kogin Haɗeja yana cin gonaki da damina. Hamada tana matsowa, Tafkin Chadi ya ja baya, ruwan rijiyoyi yana nisa. Kowace daga cikin waɗannan matsala ce da ke buƙatar mai shiƙa, kuma wanda ya tashi cikin abu ya fi saurin gane tsabarsa. Wanda ya kwana a tsakar gida saboda zafi ba sai an gaya masa cewa sauro yana cizo a waje ba. A Garki jinin na mutanenmu ne, sauron na ƙauyukanmu ne, amma sunayen da ke kan samfurin ba namu ba ne.

Don haka iyaye, in kun ga yaro ko yarinya na son lissafi, kada ku karya masa gwiwa da cewa karatun ba ya kai mutum ko'ina. Gwamnatocin jihohi da masu hannu da shuni kuma su tuna da wannan fanni in ana rabon tallafin karatu, don kayan aikinsa ba su da tsada: malami nagari, kwamfuta, wutar lantarki da shekaru uku ko huɗu na kwanciyar hankali. Kai kuma ɗalibi mai wannan niyya, ka ƙarfafa kalkulas da aljabararka tun a digirin farko, ka koyi rubuta umarnin kwamfuta, ka zaɓi malami kafin ka zaɓi jami'a, sannan ka ɗauko tambayarka daga abin da ke damun mutanen garinku. Allah ya ba da sa'a.